Ranar Da Maƙeran Azurfa Suka Tada Gari: Gunki, Kasuwa Da Amana A Cikin Littafi Mai Tsarki

A wajen shekara ta 55 Miladiyya, a wani babban birni na bakin teku mai suna Afisa, wanda kufansa ke yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, an wayi gari kasuwa ta yamutse. Wani maƙerin azurfa ne mai suna Dimitiriyas ya tara 'yan sana'arsu ya shaida musu cewa abincinsu na gab da ƙarewa. Sana'ar tasu kuwa ita ce ƙera 'yan ƙananan siffofin ɗakin bautar wata gunkiya da ake kira Artimis, waɗanda baƙi masu zuwa ziyara kan saya su koma da su gida kamar tsaraba. Wanda ya jawo cinikin ya ja baya shi ne Bulus, wani Bayahude mutumin Tarsus mai sana'ar ɗinkin tanti, wanda ya shafe fiye da shekara biyu a garin yana koya wa jama'a cewa abin da hannun ɗan Adam ya ƙera ba zai taɓa zama abin bauta ba.

Domin mai karatu ya gane girman abin da ake magana a kai, haikalin Artimis na cikin gine-gine bakwai da mutanen da suka fi mamakinsu a duniya. Marubutan wancan zamani sun ce ginshiƙansa 127 ne, kowane ɗaya ya kai kusan mita 18 a tsaye. Bugu da ƙari shi ne bankin yankin, inda attajirai da sarakuna ke kai dukiyarsu ajiya saboda sun san babu ɓarawon da zai yi gangancin shiga. Masu masauki, masu sayar da dabbobin yanka, masu abinci, 'yan dako da maƙera, duk a inuwarsa suke ci.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 19, shi ya kawo labarin, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Dimitiriyas ya jera maganarsa. Da arziki ya fara, ya tuna wa abokan sana'arsa inda wadatarsu take fitowa. Daga nan ya ce sana'ar za ta zube a idon mutane. Sai a ƙarshe ne ya tuna da martabar ita gunkiyar. Nan take gari ya ɗauka, aka cafke abokan tafiyar Bulus guda biyu aka ja su zuwa dandalin wasanni na birnin, wanda ke ɗaukar mutum kusan 25,000, aka yi kusan awa biyu ana yi wa Artimis kirari da murya ɗaya. Marubucin ya ƙara da cewa mafi yawan waɗanda suka cika dandalin ba su ma san dalilin taron ba. Wanda ya kashe wutar shi ne magatakardan gari. Ya ce musu mutanen nan ba su yi wa haikali sata ba, ba su zagi gunkiyar ba, in kuwa maƙera na da ƙara to kotuna a buɗe suke, ya kuma gargaɗe su kada hukumar Rum ta tuhumi garin da tada tarzoma. Kowa ya watse. Ina ganin duk garin da ke da kasuwa yana bukatar irin wannan magatakarda.

Dalilin ɗauko wannan labari shi ne, a kasuwanninmu na kan iyaka rumfar Musulmi na jingine da ta Kirista, ana cin bashin juna, ana bar wa juna jiran kaya lokacin salla ko ranar Lahadi, amma ba kasafai ɗaya ya san abin da littafin ɗan'uwansa ya ce ba. A shirinmu na ranar kasuwa a gidan rediyo, wani mai sauraro ya taɓa tambaya ko littafin Kirista ya yi maganar shirka. Wannan ya sa na zauna da Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa tun 1932, na bi inda duk aka ambaci gumaka. Abin da na tarar shi ne, mutanen da littafin ke zargi da bautar gumaka ba kasafai suke cewa sun bar Allah ba. Ƙara masa wani suke yi a gefe saboda ko-ta-kwana, kuma kusan kullum maganar abinci ce ke kai su.

Alkawarin da ba ya karɓar kishiya

Tushen maganar yana cikin Dokoki Goma da aka ba Musa a Dutsen Sina'i, a littafin Fitowa sura ta 20. Kafin a zo kan kisa ko sata ko zina, abin da aka fara hanawa shi ne riƙon wani abin bauta tare da Allah, sannan sassaƙa siffar wani abu na sama ko na ƙasa ko na cikin ruwa domin a yi masa sujada. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne Allah mai kishi ne. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin daga kalmar kishi muka samo kishiya, kuma kowa ya san yadda gida ke zama ranar da aka ce za a shigo da ita. Littafin yana ɗaukar dangantakar Allah da Isra'ilawa a matsayin alkawari: shi ya fitar da su daga bautar Masar, su kuma nasu shi ne su tsaya gare shi shi kaɗai.

Masana tarihi sun gano cewa irin wannan harshe na alkawari sananne ne a fadodin wancan zamani. A 1955 masu tonon kufai sun samo wasu allunan yumɓu a Nimrud ta ƙasar Iraƙi, ɗauke da rantsuwar da sarkin Assuriya Esarhaddon ya sa sarakunan da ke ƙarƙashinsa suka yi a shekara ta 672 kafin Miladiyya. An ɗora musu su ƙaunaci ɗansa mai jiran gado kamar ransu, kada su nemi wani ubangida, aka kuma jero la'anonin da za su hau wanda ya saɓa. A 2009 an sake samun wani kofin wannan rantsuwa a kudancin Turkiyya. Littafin Maimaitawar Shari'a yana da irin wannan tsari na umurni da albarka da la'ana, sai dai mubaya'ar da sarkin Assuriya ke nema wa kansa, a nan Allah kaɗai aka ce a yi wa. Ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe yaron shago ya san ciwon abin: ka ba yaro jari, ka ɗaure masa gindi, sai ka ji ashe a ɓoye yana kai wa abokin hamayyarka masu ciniki. Bai bar ka ba, kullum yana gaishe ka da safe, amma amana ta riga ta tafi.

Alkawarin bai daɗe ba aka karya shi. Musa ya yi kwana arba'in a kan dutse, jama'a suka gaji da jira, aka tara 'yan kunnen zinariya aka zuba maraƙi. Musulmi sun san wannan ƙissa daga Suratu Ɗaha, inda aka ambaci Samiri a matsayin wanda ya ƙera shi, alhali a Fitowa sura ta 32 Haruna ne aka ce ya karɓi zinariyar da hannunsa, kuma wannan na cikin wuraren da littattafan biyu suka sha bamban. Abin lura a labarin na Fitowa shi ne, da aka gama maraƙin aka gina masa bagade, sanarwar da aka yi ita ce gobe akwai idi domin Ubangiji. Wato a ganinsu ba su canza addini ba, wani abu kawai suke so da za su gani da ido ya shige musu gaba. Musa ya sauko ya farfasa allunan, ya ƙone maraƙin, ya niƙe shi ya barbaɗa a ruwa ya sa suka sha, kuma littafin ya ce mutum kusan 3,000 suka hallaka a ranar.

Wa ke kawo ruwan sama?

Gunkin da ya fi kowane wahalar da annabawan Isra'ila shi ne Ba'al, kuma sai mutum ya san aikinsa zai gane dalili. A Masar kogin Nilu ke shayar da gona. A ƙasar Kan'ana kuwa manomi sama yake kallo, kamar dai manominmu na nan, in ruwa ya yi jinkirin mako uku an shiga uku. A 1928 wani manomi a gaɓar tekun Siriya yana huɗa sai garmarsa ta ci karo da wani tsohon kabari. Shekarar da ta biyo baya Faransawa suka fara tono a wurin da ake kira Ras Shamra, suka gano tsohon birnin Ugarit da tarin alluna masu ba da labarin Ba'al. A cikinsu shi ne mai hadari da tsawa da ruwa, akwai ma wani dutse da aka sassaƙa shi a kai riƙe da kulki da mashin aradu, wanda yanzu ke gidan tarihi na Luvur a birnin Faris.

To ka ga baƙon da ya zo ya tarar da 'yan ƙasa suna cewa a nan in ba a ba Ba'al nasa ba gona ba ta yi. Zai ce a ransa, Allahn kakanninmu ya raba teku, ya ciyar da mu a hamada, amma harkar damina a ƙasar nan ai akwai mai ita, mene ne laifi in an ɗan yanka masa ɗan akuya? Wannan lissafi ne annabi Yusha'u ya yi wa tsirara. Ya kwatanta al'ummar da matar aure mai bin samari saboda tana zaton su ke ba ta abinci da ruwa da ulu da mai, ba ta san cewa hatsin da azurfar duk daga hannun mijinta suke fitowa ba. Ita kanta kalmar ba'al a Ibrananci tana nufin mai abu, ko ubangida, ko miji.

A zamanin sarki Ahab, wanda ya yi mulki daga wajen 874 zuwa 853 kafin Miladiyya, abin ya shiga fada. Ahab ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, mutanen bakin teku waɗanda jiragensu ke riƙe da cinikin Bahar Rum. Aure ne na siyasa da fatauci, amarya kuwa ta zo da abin bautarta, aka gina wa Ba'al haikali a Samariya. Sai annabi Iliya, wanda Alƙur'ani ma ya ambaci jayayyarsa da masu kiran Ba'al a Suratus Saffat da sunan Ilyasu, ya fito ya ce ba ruwa ba raɓa sai ya sake magana. Mai karatu ya lura, a fagen da ake cewa na Ba'al ne aka ƙalubalance shi. A shekara ta uku ta fari aka taru a Dutsen Karmel, kusa da birnin Haifa na yau, Iliya shi kaɗai, annabawan Ba'al su 450. Kafin a yanka komai, Iliya ya tambayi jama'a har yaushe za su yi ta ɗingishi tsakanin ra'ayi biyu, ya ce su zaɓi ɗaya su bi. Littafin Sarakuna na Ɗaya sura ta 18 ya ce babu wanda ya amsa masa ko da kalma guda. A ganina wannan shirun ya fi wutar da ta sauko daga baya bayyana halin mutanen, domin ba su ƙi Allah ba, ba su kuma shirya sakin Ba'al ba, tunda ba a san wanda zai yi rana ba. An ƙare ranar da jini, aka kashe annabawan Ba'al a rafin Kishon, sannan hadari ya taso daga teku.

Kuma kada a ɗauka mutane sun saki wannan lissafi cikin sauƙi. Bayan Babila ta rushe Urushalima a 586 kafin Miladiyya, wasu 'yan gudun hijira a Masar sun fuskanci annabi Irmiya ido da ido, maza da mata, suka ce masa lokacin da suke ƙona turare suna toya waina domin wadda suke kira Sarauniyar Sama suna ƙoshi, tun da suka daina kuwa sai yunwa da takobi. Shi kuma ya ce musu turaren ne ma ya jawo musu abin da suke ciki. Masifa ɗaya, fassara biyu.

Maruƙa biyu a kan iyaka

Akwai wani labari da na tabbata mutanen kan iyaka za su fi kowa gane shi. Bayan rasuwar Sulemanu, a wajen 930 kafin Miladiyya, ƙasar ta rabe biyu, Yahuza a kudu, Isra'ila a arewa ƙarƙashin Yerobowam. Matsalar Yerobowam ita ce Haikali yana Urushalima, a ƙasar abokin gabarsa, kuma duk idi talakawansa za su tsallaka iyaka da dabbobinsu da kuɗinsu. Ya ji tsoron cewa inda ƙafa ke yawan zuwa, can zuciya za ta koma. Sai ya sa aka ƙera maruƙa biyu na zinariya, ya kafa ɗaya a Betel, a bakin iyakar kudu, ƙasa da kilomita 20 daga Urushalima, ɗaya kuma a Dan, can ƙuryar arewa, ya ce wa jama'a wahalar tafiyar ta isa haka. Ya naɗa nasa malaman hadaya, ya sa nasa ranar idi. Tun daga 1966 masu tono suke aiki a kufan Dan, sun kuma tono wani babban dandamali na duwatsu da ake ganin wurin bautar ne. Wannan gunki na siyasa ne tsantsa, kamar a ce an rufe iyaka da sunan addini, kuma littafin Sarakuna bai yafe wa Yerobowam ba, kusan duk sarkin arewa da ya biyo baya da zunubinsa ake auna shi.

Har a kan hanyar fatake an samu alamar wannan haɗe-haɗe. A 1975 da 1976 an tone wani tsauni mai suna Kuntillet Ajrud a arewa maso gabashin hamadar Sina'i, kusa da tsohuwar hanyar ayari da ta tashi daga Gaza zuwa bakin Bahar Maliya. Wuri ne na wajen shekara ta 800 kafin Miladiyya, da yawa daga masana na ganin zango ne na matafiya. A jikin manyan tuluna an tarar da rubutun sa albarka da sunan Ubangijin Isra'ila, amma an haɗa shi da wata aba mai suna Ashera, wadda wasu masana ke cewa gunkiya ce, wasu kuma suna cewa ginshiƙin itace ne na tsafi. Ko ma wanne ne, matafiyin da ke shirin shiga hamada ya ga gara ya kama igiya biyu. Wannan ya nuna annabawan ba da iska suke faɗa ba.

Makamin da suka fi amfani da shi kuwa shi ne ba'a. A Ishaya sura ta 44 an zana masassaƙin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar kuma ya sassaƙa ya durƙusa yana roƙonsa ceto. A sura ta 46 an kawo masu zazzage zinariya daga jaka, su auna azurfa a ma'auni, su yi jinga da maƙeri ya yi musu abin bauta, sannan su saɓa shi a kafaɗa domin ba ya iya tafiya. An ce ranar gudu gumakan Babila kaya ne a kan dabbobin da suka gaji, alhali Allah shi ke ɗaukar mutanensa tun daga ciki har furfura.

Gunkin da ba a sassaƙa shi

A wajen 760 kafin Miladiyya wani makiyayi daga ƙauyen Tekowa na Yahuza, mai suna Amos, ya tsallaka iyaka ya je Betel ɗin nan yana wa'azi, har babban malamin wurin, Amaziya, ya kore shi ya ce ya koma ƙasarsu ya ci abincinsa a can, domin nan wurin ibadar sarki ne. A sura ta 8 ta littafinsa Amos ya juya kan 'yan kasuwar hatsi. Mutanen nan masu kiyaye ibada ne, ba sa buɗe rumfa ranar Asabar ko ranar tsayuwar wata. Amma suna zaune a wurin ibada zuciyarsu na ƙirga awoyi, yaushe za a gama su koma su rage mudu, su ƙara nauyin dutsen da ake auna kuɗin mai saye, su karkata ma'auni, su haɗa da sharar alkama su sayar, su mallaki matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Ba a ambaci wani gunki a rumfunansu ba, amma a sura ɗaya aka haɗa hukuncinsu da na masu rantsuwa da abin bautar Dan. Ba sai na ce komai a kan mudun da aka bubbuge gindinsa ko buhun da aka yi wa fuska ba, mai karatu ya fi ni sani.

A Sabon Alkawari an fito da wannan ma'ana fili. Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya ba da misalin bawan da iyayengiji biyu suka haɗa, ya nuna dole ɗayansu ya samu ragowa, sannan ya ambaci sunan ubangida na biyun. Bai ce Ba'al ba, bai ce Artimis ba, cewa ya yi Mammon, kalmar Aramiyanci mai nufin dukiya. Wannan na cikin Matiyu sura ta 6 da Luka sura ta 16. Wasiƙar Kolosiyawa ta kira kwaɗayi bautar gumaka kai tsaye, haka ma wasiƙar da ke ɗauke da sunan mutanen Afisa, garin su Dimitiriyas. Littafin bai haramta ciniki ba, Bulus kansa da allura yake ci, kuma mace ta farko da ta karɓi wa'azinsa a Filibi, Lidiya, 'yar kasuwar tufafi masu tsada ce. Tambayar da yake yi ita ce, in umurnin Allah da riba suka yi karo a bakin rumfa, wanne ke ja da baya.

Nama, turare da takardar shaida

Sai dai zama da mutane ba ya tafiya a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, kuma littafin ya san da haka. Na'aman, shugaban sojan Suriya da ya warke daga kuturta a kogin Urdun, ya yi alkawarin ba zai ƙara yin hadaya ga kowa ba sai Ubangiji, amma ya gaya wa annabi Elisha damuwarsa: aikinsa ne ya raka sarki ɗakin gunkin Rimmon, sarki na dafe da hannunsa, in sarki ya sunkuya dole shi ma ya sunkuya. Elisha bai ce ya ajiye aiki ba, sallamarsa ya yi lafiya. Su kuwa Shadrak da Meshak da Abednego, da aka ce su da kansu su yi wa mutum-mutumin zinariya na Nebukadnezzar sujada, sun zaɓi tanderun wuta, suka ce ko Allah bai cece su ba ba za su yi ba.

A birnin Koranti na ƙasar Girka matsalar a mahauta take. Yawancin naman da ke kasuwa ragowar hadayun haikalin gumaka ne, Kiristocin farko suka rasa yadda za su yi. Amsar da Bulus ya ba su a wasiƙarsa ta farko, sura ta 8 da ta 10, ita ce gunki ba komai ba ne, don haka su sayi nama a kasuwa ba tare da bin diddigi ba, in maƙwabci ya gayyace su cin abinci su ci. Amma in aka ce musu wannan naman na hadaya ne, su janye hannu saboda wanda ya faɗa, kuma kada a gan su zaune a walimar cikin haikalin, domin ba a haɗa teburi biyu.

Tsoron Dimitiriyas dai bai zama na banza ba. A wajen shekara ta 112, gwamnan Rum a lardin Bitiniya da ke arewacin Turkiyya ta yau, mai suna Filini, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa kafin ya ɗauki mataki haikalai sun kusa zama kufai, naman hadaya kuma da ƙyar yake samun mai saye. Gwajin da yake yi wa wanda aka kawo ƙara mai sauƙi ne: a ajiye siffar sarki da ta gumaka, a ba shi turare da ruwan inabi ya miƙa, ya kuma zagi Almasihu. Wanda ya yi a sake shi, wanda kuwa ya nace har sau uku cewa shi Kirista ne a kashe shi. Ɗan turaren da bai cika tafin hannu ba ne tsakanin mutum da ransa da rumfarsa da 'ya'yansa.

A shekara ta 250 sarki Deshiyus ya mayar da abin doka a duk daular. Kowa sai ya yi hadaya a gaban kwamiti, ya ɗanɗana naman, a ba shi takardar shaida mai sa hannun jami'ai da kwanan wata. An samo fiye da 40 daga cikin waɗannan takardu a busasshiyar ƙasar Masar, har yau ana iya karanta sunayen masu su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen duwan ba shi da takarda ya san abin da ya biyo baya. Wasu Kiristoci sun ƙi, aka ɗaure su, aka kashe wasu, ciki har da Fabiyan, bishop na Rum. Wasu sun gudu. Wasu sun yi hadayar. Wasu kuma suka bi ta bayan fage, suka ba jami'ai na goro aka rubuta musu takarda ba tare da sun taɓa turaren ba, suna ganin sun tsira da imaninsu da dukiyarsu gaba ɗaya.

Deshiyus ya mutu a fagen yaƙi a 251, tsanani ya lafa, sai waɗannan mutane suka dawo ƙofar majami'a suna neman shiga, waɗanda suka sha ɗauri kuma suna ciki da tabonsu. Rigimar ta kai ga rabuwar kai a Rum da Kartaj, birnin da kufansa ke gefen Tunis ta yau. A wannan shekarar bishop Sifiriyan ya tara majalisa a Kartaj, aka yanke cewa mai sayen takarda ma ya yi laifi, tunda ya yarda a rubuta cewa ya yi abin da aka hana, amma za a duba halin kowane ɗaya a karɓe shi bayan ya yi tuba. Wanda kuwa ya miƙa hadayar da hannunsa, aka ce ya ci gaba da tuba, ba za a mayar da shi cikin jama'a ba sai in ajali ya matso. Ba a jima ba, da aka ji ƙishin-ƙishin wani sabon tsanani na tafe, majalisar ta sake zama ta sassauta, ta buɗe wa duk masu tuban ƙofa.